Kare a Ɗakin Likitan Haƙori



Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka yaro yake da likitan haƙori. Muddin ya sha wuya a zuwan farko, to, ko ya girma zai gwammace ya kwana yana juyi da kumburarren kunci a kan ya koma. Nan ƙaramin rami yakan ci haƙori har ya kai ga cirewa.

Domin maganin wannan tsoro ne wasu likitocin haƙori a Amurka da Norwe suke shigo da horarren kare ɗakin aiki. Asalin dabarar kuwa daga wani masanin halayyar yara ne na Amurka, Boris Levinson, wanda ya lura cewa yaron da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa. A 1962 ya buga bayanin abin da ya gani.

Yadda ake yi shi ne, karen yakan kwanta a cinyar yaro ko kusa da kujera, mai kula da shi yana tsaye. Yaro yana shafa shi, hankalinsa ya bar kan allura da ƙarar injin, jikinsa ya daina ɓari, likita ya sami damar aikinsa.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. A 2019 masu bincike na jami'ar Tromso ta Norwe sun lissafta haɗurran abin: cizo, ƙwayoyin cuta, da yaran da jikinsu ba ya shiri da gashin kare. Shi kansa karen, ƙara da magunguna suna iya cutar da shi.

To, ina darasinmu? A nan gida ba mu saba da shigar da kare ɗaki ba, ga kuma haukan kare da har yau yake kisa. Saboda haka ba kare muke roƙo a kawo mana ba. Abin koyi shi ne, sun ɗauki tsoron yaro a matsayin ciwon da ake fara yi wa magani. Mu kuwa sai mu riƙa razana ƙannenmu da cewa za a kai su a yi musu allura!

Gobe mu ne likitoci, mu ne iyaye. Mu daina wannan razanarwa, mu gaya wa yaro gaskiyar abin da za a yi masa, mu riƙe hannunsa har a gama.