Mai Jinyarsa Ba Baƙuwa Ba Ce

Jawabin ɗan takararmu ga jama'ar Ray Buba da ƙauyukan iyaka

Na gode da kuka baro gonaki da kasuwa kuka zo. Yau ba zan yi maganar hanya ko farashin auduga ba, duk kun san halin da suke ciki. Maganar gida ɗaya na kawo muku, amma wanda ya saurara da kyau zai ga gidansa a ciki.

Akwai wani ɗan wannan yanki namu da ya tafi neman abinci Nijar tun yana saurayi. Ya yi shekaru yana jan babbar mota, ya auri 'yar Maraɗi, Allah ya ba su 'ya'ya. Rana ɗaya mota ta kife da shi, bayansa ya taɓu, ƙafafu suka daina ɗaukarsa. Ya ce a mayar da shi gida, kusa da mahaifiyarsa. Shi ɗan Kamaru ne, katinsa na aljihu, ba mai tare shi. Amma matar da take ɗaga shi, take yi masa wanka, take juya shi cikin dare don kada jikinsa ya yi gyambo, ita aka ce ta dakata sai ta kawo biza.

Ku bari in faɗa muku yadda dokar take, don kada wani ya ce siyasa ce kawai nake yi.

Shigowar baƙi da zamansu a Kamaru yana ƙarƙashin dokar 10 ga Janairu 1997, wadda aka yi wa gyara a 2022. 'Yan ƙasashen CEMAC, irin su Cadi da Afirka ta Tsakiya, suna shigowa ba biza, haka ma 'yan Najeriya. Amma wannan sauƙin na ziyara ne, kwana 90. Wanda zai zauna sai ya nemi katin zama, kuma ba kyauta ake ba shi ba. Nijar kuwa ba ta cikin CEMAC, mu kuma ba mu cikin ECOWAS, don haka 'yar Maraɗi sai da biza. Tun daga watan Afrilu na 2023 ta intanet ake neman bizar, kuma ta gajeren zama sefa dubu 100 ce. Ku auna da kanku: mafi ƙarancin albashin ma'aikacin gona da gwamnati ta yanke a 2023 sefa dubu 45 ne a wata. Ke nan guminka na wata biyu bai kai kuɗin takardar da za ta bar matarka ta tsallako ba. Ina mutumin da ke kwance, wanda kuɗin asibiti ya riga ya cinye, zai samo su?

Za su ce muku doka ta yi wa ma'aurata tanadi. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Baƙon da ya auri ɗan ƙasa yana da haƙƙin katin mazauni na shekara 10 idan auren ya kai wata 18. Sai dai auren da suke nufi shi ne wanda ke rubuce a littafin meri. Idan a waje aka ɗaura shi, sai an sake shigar da shi cikin rajistar Kamaru. To ku gaya mini, a cikin taron nan mutum nawa ne ke da takardar aure ta meri? Mu da waliyyi da shaidu da sadaki da goro muka sani. Aure ne a gaban Allah da jama'a, amma a gaban mai hatimi kamar ba a yi ba.

Sai dokar zama ɗan ƙasa, ta 11 ga Yuni 1968, tun zamanin Ahmadu Ahijo. Ta ce baƙuwar da ta auri ɗan Kamaru tana iya zama 'yar ƙasa idan ta nema lokacin ɗaurin auren. Wa ya taɓa zuwa ƙauye ya sanar da amarya haka? Mata kuma ku saurari wannan: ƙofar nan ba a buɗe ta ga mijinku ba. 'Yar Ray Buba da ta auri mutumin Yola ko Mubi, ta makance ko ta shanye ta dawo gida, mijin da ke jan sandarta sai ya bi doguwar hanya, ya roƙa, a ga dama a ba shi. Wannan dokar ce kuma ta ce baligin da ya karɓi takardar wata ƙasa da son ransa ya rasa ta Kamaru. A babban taron tattaunawa na ƙasa da aka yi a Yawunde a 2019 an ba da shawarar a gyara wannan. Shawara ta shiga akwati aka rufe.

Muna da dokar kare masu naƙasa, ta 13 ga Afrilu 2010. Sai da aka shekara 8, a 2018, kafin a sa hannu kan takardar da ta bayyana yadda za a yi aiki da ita. Ta kawo katin naƙasa da wasu rangwame, mun yaba. Amma a Mayo-Rey wa ke jinyar gurgu da makaho da wanda ya shanye? Ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Matarsa ce, ko mijinta. Aikin da hukuma ba ta iya ba, ita take yi dare da rana ba ta karɓar ko dala. Sai kuma a ce ta biya kafin a bar ta ta yi shi? Wannan shi ne a doke ka a hana ka kuka.

Ga abin da za mu kai majalisa idan kuka ba mu ƙuri'arku:

Na ɗaya, mata ko mijin ɗan ƙasa mai katin naƙasa su sami biza da katin zama kyauta, ba jiran wata 18.

Na biyu, ma'aikatan rajista su riƙa zagaya Colire, Ray Buba, Tuboro da Madingirin a ranakun kasuwa, su rubuta auren da liman da shaidu suka tabbatar.

Na uku, a gyara dokar 1968, haƙƙin miji da na mata ya zama ɗaya, wanda ya riƙe takardar wata ƙasa kuma kada a kore shi daga tasa.

Kafin nan, kada ku zauna jiranmu. Mai aure ya je meri ya rubuta aurensa tun yana da lafiya. Mai ɗan'uwa a waje ya aika masa ya yi haka. Mai naƙasa a gida a kai shi ofishin jin daɗin jama'a a nema masa kati. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma da kwana a shingen jandarma gara wuni ɗaya a layin meri.

Jama'a, iyakar nan Turawa suka ja ta, ta tarar da mu muna auratayya da Cadi da Najeriya da Nijar, kuma ba za mu daina ba. Lafiya kuwa aro ce. Wanda ya zo nan da ƙafarsa yau bai san wa zai ɗauke shi gobe ba. Ranar zaɓe ku fito da katinku, ku ɗauko tsofaffi da masu keke, ku tsaya har a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Wassalamu alaikum.