Sunan Asma'u: Asalinsa da Nauyin da Yake Ɗora wa Iyaye

 

Ya 'yan'uwa Musulmi, da wuya a shiga wani gida a ƙasar Hausa a rasa Asma'u, ko a kira ta Ma'u, ko Husna. Wannan laƙabi na Husna ya sa da yawa daga cikinmu sun ɗauka daga Asma'ul Husna aka ciro sunan, alhali kuwa malaman luga sun yi saɓani: wasu sun ce jam'in "ismu" ne, wato suna, wasu kuma, ciki har da Sibawaihi, sun ce daga "wasama" yake, wato kyawun fuska.

Amma abin da ya yaɗa shi a tsakanin Musulmi mata ne da suka ɗauke shi. Asma'u 'yar Abubakar Siddiƙu (R.A.) ita ce ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Manzon Allah (S.A.W.) da mahaifinta a lokacin Hijira, shekara ta 622 Miladiyya, shi ya sa ake ce mata Zatun Niɗaƙaini. Ɗanta Abdullahi bin Zubair shi ne jariri na farko da Muhajirai suka samu a Madina. Ta kai kimanin shekara 100, idanunta sun tafi amma hankalinta bai gushe ba, ta rasu a Makka a 73 bayan Hijira, jim kaɗan bayan rundunar Hajjaju ta kashe ɗan nata.

A nan ƙasarmu kuwa, a 1793 aka haifa wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tagwaye. Ya raɗa wa namijin Hassan, amma macen bai bi al'adar sunan tagwaye ba, sai ya sa mata Asma'u. Sannan ya karantar da ita. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ƙauyuka suna karantar da matan da ake kira 'Yan Taru, har ta rasu a 1864.

To, mu fa? Muna yanka rago ranar suna, mu tara jama'a, mu raɗa wa yarinya Asma'u, da ta kai shekara bakwai kuma sai mu aza mata farantin talla, ɗan'uwanta ya wuce Islamiyya. Duk wanda ke da Asma'u a gidansa cikinmu, idan ya koma yau ya tambaye ta inda ta tsaya a karatunta.