"Namiji Ba Ya Kuka": Yaro Mai Taushin Zuciya a Makarantar Kwana



Rahoton UNESCO na 2019 ya ce kashi 32 cikin ɗari na ɗaliban duniya sun sha cin zali a hannun 'yan'uwansu aƙalla sau ɗaya cikin wata guda. A Afirka kudu da Sahara abin ya kai kashi 48.2, babu yankin da ya kamo mu. Wanda ake zalunta a kai a kai ya ninka sauran fiye da sau biyu wajen fashin makaranta, kuma yaron da ake ganin ɗabi'arsa ba ta "maza" ba ce yana cikin waɗanda suka fi shan wahala. A nan gida Najeriya, binciken 2014 na Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tare da UNICEF ya gano yara shida cikin goma sun gamu da cin zarafi kafin shekara 18, waɗanda suka sami taimako kuwa ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san yaron nan. Ba ya dambe, muryarsa ƙasa-ƙasa, da an daka masa tsawa idonsa ya ciko. Shi ake tasa kafin asuba ya cika wa siniya bokiti, shi zai hura gawayin dutsen guga, garinsa da sukarinsa ba sa kwana bakwai a loka. Sunansa rago, ko mata-maza, ko ɗan daudu. Ya kai ƙara, hausmasta ya ce "haka muka taso". Ya faɗa a gida, uba ya ce namiji ba ya kuka. Mu ne masu yabon kunya da haƙuri, amma in ɗa namiji ya zo da su sai mu mai da shi abin dariya, alhali Annabi (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Wasu suna samun matsera. Wani siniya ya ɗauke shi yaronsa, kāriyar da ake biya da wanki. Wani kuma ƙungiyar wasan kwaikwayo ko musabaƙa ce ke fito da shi: ran da ya ciyo wa makaranta kofi da muryar da ake kwaikwaya ana dariya, sai a fara kiransa da sunansa na yanka. Duk sa'a ce, ba tsari ba.

Takardu kam akwai. Dokar Haƙƙin Yara tun 2003, manufar makarantu marasa cin zarafi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a 2021, Kano ma ta sa hannu kan dokar kāre yara a 2023. To, ina malamin ba da shawara? Inda aka naɗa shi, an lafta masa darussa, ofishinsa ya zama ma'ajiyar karyayyun kujeru. Jami'an ma'aikatar ilimi su gaya mana makarantun kwana nawa ke da babban mutum da yake kwana kusa da ɗakin 'yan aji ɗaya, kuma yaushe za a karɓe bulala daga hannun firifet.