Amsar Wasiƙa: An Ba 'Yata Biro, An Ba Maza Sukundireba

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi kuma mai sayar da hatsi a Kusada. Ya ce 'yarsa da ke makarantar sakandare ta shiga ƙungiyar ɗalibai masu haɗa mutum-mutumi, wato ƙaramar na'ura mai tafiya da ɗaukar kaya bisa umarnin kwamfuta. To, amma da ya bincika sai ya tarar maza ne ke riƙe da sukundireba, ita kuwa an ba ta biro da littafi. Shi ne yake tambaya, ko ya cire ta ta dawo ta kama wa uwarta aiki?

To Malam, Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Amsata ita ce kada ka cire ta. Ga dalili.

Ka dubi motar da ke ɗaukar maka buhuna daga Kankia zuwa Kano. Akwai direba, akwai yaron mota, akwai ɗan kamasho, akwai mai rubuta buhun wane da na wane. Ran da mai rubutun nan ya yi kuskure, ai ka san inda rigima take kaiwa, ko da kuwa injin motar lafiya lau yake. Haka ƙungiyar nan take. A gasar da ake kira FIRST LEGO League, wadda makarantun Nijeriya ma ke shiga, yara 2 zuwa 10 ne ke yin ƙungiya. Na'urar kanta minti biyu da rabi kacal take yi a fili kowane zagaye. Sauran makin alƙalai yana kan bayanin yadda aka ƙera ta, da binciken wata matsala ta jama'a, da kuma yadda yaran ke haɗa kai. Ashe ke nan mai rubuta abin da aka gwada, da mai lissafin kuɗin kaya, da mai tsayawa ta yi bayani ba gargada, duk ba 'yan rakiya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma fa, Malam, akwai inda na goyi bayanka. Idan ita ta zaɓi biro, madalla. Idan kuwa an tura ta can ne don kawai mace ce, wannan kuskure ne. Ni da na yi koyarwa kafin in zo gidan rediyo, na sha ganin yarinya ta fi kowa lissafi a aji, amma da an fito da kayan aiki sai ta koma baya, saboda ba wanda ya taɓa miƙa mata. A 2017 'yan mata 6 daga garin Herat na ƙasar Afganistan, Musulmi kamarmu, suka kai na'urar da suka haɗa da hannunsu gasar duniya a birnin Washington na Amurka, suka dawo da lambar yabo. A 2020, lokacin cutar korona, ƙungiyar tasu ta haɗa na'urar taimakon numfashi da kayan mota. Nan gida ma, a 2018 'yan mata 5 daga Onica suka ci zinariya a Amurka da manhajar waya mai gano jabun magani.

Saboda haka ga shawarata. Ka je makarantar da kanka, ka gaisa da malamin cikin mutunci. Ka tambaye shi lokacin da suke tashi, da ko akwai malama mace tare da su, musamman in za a yi tafiya. Sannan ka roƙe shi a riƙa juya aikin, wannan mako biro, mako mai zuwa waya da batir. A gida kuma, ran da kake kwance injin ban-ruwa, kira ta ta riƙe maka sifana, ka nuna mata fulogi.

Ko ba ta zama injiniya ba, yarinyar da ta iya lissafi da rubutu da magana gaban manya ba ta yi asara ba. Ga Makarantar Koyon Aikin Lafiya nan Kankia, ga jami'ar tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, duk kusa da gida.

Allah ya yi wa zuri'armu albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.