Tsara Ayyukan Kwamfuta Masu Lokaci: Hannu ko Rubutacciyar Ƙa'ida?



Abin da zan yi magana a kai yau shi ne ayyukan da kwamfuta ke yi da kanta idan lokacinsu ya yi. Kwamfutar da nake nufi ita ce babbar nan mai yi wa sauran hidima, wadda ake kira uwar garke. Tana da ayyukan da ba ta jiran umurnin kowa, kamar ajiye kwafin bayanai da tsakar dare, ko haɗa rahoton ƙarshen wata.

Manhajar da ke kula da wannan ita ce cron, wadda ta samo asali daga tsarin Unix a shekarun 1970, Paul Vixie kuma ya rubuta wata sabuwa a 1987. Kowane aiki layi guda ake rubuta masa, mai gurabe 5 a farkonsa: minti, awa, kwanan wata, wata, da ranar mako. Alamar tauraro na nufin "kowane". Wato 30 2 * * * ma'anarsa ƙarfe 2 da rabi na dare, kullum.

To, ina matsalar take? Tana wajen hannu. Bisa al'ada, ma'aikaci kan shiga kowace na'ura ya rubuta layin da kansa. In na'urori 3 ne, da sauƙi. In 50 ne fa? Ba wuya ya tsallake ɗaya. Layin da ba a rubuta ba kuwa ba ya kuka, sai ranar da aka nemi kwafin bayanai a tarar babu. Ma'aikatan gwamnati da ke nan sun san halin da ofis kan shiga idan aka yi wa mutum canjin wurin aiki bai bar takardar miƙa aiki ba.

Ga misali daga Amurka, ko da yake ba na cron ba ne, amma ciwon ɗaya ne. Kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya sa sabuwar manhaja a na'urori 7 daga cikin 8, aka manta ɗaya. Ranar 1 ga Agusta, 2012, cikin minti 45, ya yi asarar fiye da dala miliyan 400.

Maganin wannan ciwo shi ne manhajojin sarrafa tsarin na'urori. Mark Burgess ya fito da CFEngine a 1993 a Jami'ar Oslo, sai Puppet a 2005, Chef a 2009, Ansible kuma a 2012. Hikimarsu guda ce: a rubuta a fayil ɗaya yadda ake son kowace na'ura ta kasance, manhajar ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Inda layin yake daidai ta ƙyale shi, inda babu ta rubuta. Ko sau 10 aka maimaita, sakamakon ba ya sauyawa. Fayil ɗin nan kuwa shi ne takardar miƙa aikin, domin kowa na iya karanta shi.

Amma fa akwai hattara guda 2. Na farko, Ansible da suna take gane aiki, takan rubuta sunan a saman layin. Idan aka sauya sunan, sai ta ɗauka sabon aiki ne ta ƙara layi, aikin ya dinga gudana sau 2. Haka nan goge aiki daga fayil ba ya cire shi daga na'ura, dole a rubuta a fili cewa a cire shi. Na biyu, manhajar da ke yaɗa daidai ita ce ke yaɗa kuskure. Kuskuren hannu a na'ura ɗaya yake tsayawa, na fayil kuwa duk garken yake kamawa. Don haka a fara gwadawa a na'ura guda, a kuma sa wani ya duba kafin a saki.

Daga ƙarshe, jama'a, kirana shi ne kada hukuma ta yarda wani aikinta ya zauna a kan mutum ɗaya. A rubuta shi inda na baya zai same shi.