Bindigar da Ta Ci Haɗejiya, Wa Ya Biya Kuɗinta?



Babu ɗan garin nan da bai san 25 ga Afrilu, 1906 ba, ranar da rundunar Kanar Lowry Cole ta shigo Haɗejiya, Sarki Muhammadu Mai Shahada ya kwanta dama tare da manyan fadawansa. Jarumtar ranar an sha faɗa. Ni yau zancen kuɗi na zo yi, domin soja da ciki yake tafiya.

Rundunar da ta yaƙe mu reshe ce ta sojan Afirka ta Yamma da Lugga ya kafa a 1897. Hafsoshinta Turawa ne, amma masu riƙe da bindigogin galibinsu Hausawa ne da Yarabawa. Da farko baitulmalin Ingila ke ɗauke da ita. Arewa ba ta da tashar jiragen ruwa, balle kuɗin kwastan, don haka kowace shekara sai Landan ta aiko da tallafi, wanda a wasu shekarun ya haura fam 300,000, Kudu ma ta ƙara nata. Kaso mai tsoka na wannan kuɗi bariki ne ke cinyewa.

Landan ba ta son haka. Aƙidarta ita ce kowace ƙasar mallaka ta ci da kanta. Ta gwada a Amurka: bayan yaƙinta da Faransa ya ƙare a 1763, sai ta ɗora harajin tambari a 1765 don ciyar da sojan da ta girke. Amurkawa suka ƙi, har abin ya kai su ga 'yanci. Mu nan ba a tambaye mu ba. A shekarar da aka ci Haɗejiya aka fito da dokar da ta tattara tsofaffin kuɗaɗen da talaka ke biya ta mai da su haraji ɗaya, ga jangali a gefe. Hakimi da dagaci su karɓo, a raba tsakanin gwamnati da sarauta. Haɗe Arewa da Kudu a 1914 ma, babban dalilinsa shi ne a sauke wa Ingila wannan kaya.

Hujjar Bature ita ce, wanda ake tsarewa shi ya kamata ya biya mai gadi. Ba maganar banza ba ce. Hare-haren bayi sun lafa, fatake sun samu hanya. Amma daga wa ake tsare mu? Faransawan da ke Damagaram? Iyaka da su a kan tebur aka shata ta, a yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Abin da ya hana Bature barci shi ne boren Satiru, a Fabrairun 1906, wata biyu kafin yaƙin Haɗejiya. Bakin bindigar nan cikin gari yake kallo.

Saboda haka manomin shinkafa a fadama, da masuncin da ke kama tarwaɗa in kogi ya janye, da Bafulatanin da ke gangaro da shanunsa da rani, su suka riƙa biyan albashin sojan da aka ajiye don kada su ɗaga kai. Da yaƙin duniya ya ɓarke a 1914 kuwa, rundunar nan aka kwasa zuwa Kamaru, daga baya Afirka ta Gabas, ta yi faɗan da ba namu ba, haraji kuma bai ragu ba.