TAUSAR ƘIRJI DA CIWON HUHU MAI DAƊEWA

 

An ce in yi magana kan tambayar da wani dattijo ya kawo. Matarsa ta shekara uku tana tari, numfashi na yi mata wuya ko a tafiya rijiya. An kai ta wurin mai ɗori ya tausa mata haƙarƙari, ta ji sauƙi kwana biyu. Yanzu ɗansu ya gani a waya cewa Turawa ma suna yin haka. Shin a ci gaba?

Gaskiya ne Turawa suna da irin wannan aiki, ana ce da shi ostiyofati. Wani likita a Amurka, Andrew Taylor Still, shi ya fara shi a 1874, ya kuma buɗe makarantarsa a garin Kirksville a 1892. Da hannu suke aiki: a danna, a miƙar da tsoka, a motsa gaɓoɓin baya da haƙarƙari.

To, 'yan'uwa, ku saurara da kyau. Mai wahalar numfashi yana wahalar da tsokar ƙirjinsa da wuyansa, shi ya sa in an tausa sai ya ji daɗi. Amma ciwon yana can cikin huhu: hanyoyin iska sun ƙuntata, 'yan jakunkunan iska sun lalace. Hannu ba ya kaiwa nan. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2008, tsofaffi masu wannan ciwo da yawa sun ce sun ji sauƙi bayan tausa, amma awo ya nuna iskar da ke maƙalewa a huhunsu ƙaruwa ta yi.

Ciwon ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. Taba na kawo shi, haka hayaƙin itace da kara da kashin shanu, da kuma ƙura. Ku duba madafan gidajenmu da ba taga. Ku tuna ƙaiƙayin sussuka, da hazon hunturu, da ƙurar kara ran Alhamis a kasuwarmu.

Ga abin da nake roƙo. Na ɗaya, duk tarin da ya wuce mako biyu, a kai mai shi asibiti a gwada kakinsa, domin yana iya zama tibi, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Na biyu, in likita ya ba da maganin shaƙa, kada a ajiye shi don an sami mai tausa. Na uku, kada a danne ƙirjin tsohuwa da ƙarfi, ƙashinta ba ya jurewa. Na huɗu, mazaje, ku huda wa madafi taga, ko ku yi rumfa a tsakar gida.

Dattawa, in kun je ziyara, ku tambayi mai tari tun yaushe ya fara. In kuɗin mota zuwa Gumel ne matsala, mu haɗa hannu. Baba, a kai Mama asibiti wannan makon.